Yajin Aikin Ma'aikatan Motar Asibiti da Matsayin 'Yan Agaji

Ni ɗan ƙungiyar agaji ne ta makarantarmu, inda ake koya mana ɗaure rauni da tsayar da jini da ɗaukar wanda ya suma. Wata ranar Laraba malaminmu ya yi mana tambaya ya ce, idan ma'aikatan motar asibiti suka shiga yajin aiki, aka kira mu mu maye gurbinsu, za mu je ko ba za mu je ba? Nan take muka ce za mu je. Sai ya yi murmushi ya ba mu labarin abin da ya faru a Ingila, ya ce mu sake tunani. Wannan labari ne nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

A shekarar 1989, lokacin da Margaret Thatcher take Firayim Minista, gwamnati ta yi wa ma'aikatan motar asibiti tayin ƙarin albashi na kashi 6.5 cikin ɗari. Ma'aikatan suka ƙi, domin tsadar kaya a shekarar ta wuce wannan ƙari. Ban da haka, sun ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suna da ƙa'idar da ake bi a ƙara musu albashi kowace shekara ba tare da jayayya ba. Su ma suka nemi irin wannan ƙa'ida, tun da duk inda aka yi haɗari ko gobara tare ake ganinsu.

A watan Satumba suka daina yin aikin da ya wuce awoyinsu. Da rigima ta yi tsanani, sai aka dakatar da da yawa daga cikinsu ba albashi. A watan Nuwamba aka fito da motocin soja a Landan. Ministan Lafiya na lokacin, Kenneth Clarke, ya ƙara wa wutar fetur da ya rubuta cikin wata wasiƙa cewa yawancinsu ƙwararrun direbobi ne. Wannan magana ta yi musu ciwo ƙwarai, domin su ne suke fara isa wurin mai ciwon zuciya ko mace mai naƙuda kafin likita ya gan su.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk da an tsayar da albashinsu, da yawansu sun ci gaba da amsa kiran gaggawa kyauta. Jama'a kuwa suka goyi bayansu, suna zuba musu kuɗi cikin bokitai a bakin titi, kuma mutum fiye da miliyan 4 suka sa hannu a takardar koke zuwa Majalisa. Roger Poole ne ya jagoranci tattaunawa a madadin ƙungiyoyin ma'aikatan. Bayan wata shida, a farkon 1990, aka daidaita a kan ƙarin kashi 16.9 cikin ɗari na shekara biyu. Amma ƙa'idar da suka nema ba su same ta ba.

To, ina 'yan agaji suka shigo? A Ingila akwai manyan ƙungiyoyin sa-kai guda biyu, wato St John Ambulance wadda aka kafa a 1877, da Red Cross ta ƙasar wadda ta fara a 1870. Mutanensu malaman makaranta ne da akawuna da leburori, waɗanda suke ba da lokacinsu a filin ƙwallo da wuraren taro. Da aka rasa masu ɗaukar marasa lafiya, hukuma ta nemi taimakonsu tare da soja da 'yan sanda, suka kuwa amsa.

A nan ne aka samu saɓani. Ma'aikaci yana ganin duk majinyacin da ɗan agaji ya ɗauka ya rage wa gwamnati matsi, ya kuma ja yajin aikin ya daɗe, alhali shi yana da iyali da kuɗin haya. Shi kuma ɗan agaji yana ganin ya yi alkawarin taimakon duk wanda ya shiga wahala, kuma tsohuwar da ta faɗi ta karye ba ta san komai game da albashi ba. Da na auna maganganun nan biyu, sai na ga kowannensu yana da gaskiyarsa. Hausawa sun ce idan giwaye biyu suna faɗa, ciyawa ce ke shan wahala, ciyawar nan kuwa ita ce majinyaci.

Darasi na farko da na koya shi ne, horon ɗan agaji na 'yan makonni bai kai na wanda ya shekara da shekaru a cikin motar asibiti ba. Ɗan agaji mataimaki ne, kuma kuskure ne hukuma ta ɗauke shi a matsayin ma'aikaci mai araha. Na biyu, wanda ake tashinsa tsakar dare domin ceton rai ya cancanci albashin da zai riƙe gidansa. Rashin warware wannan magana ya sa a watan Disamba na 2022 ma'aikatan suka sake yajin aiki a Ingila, aka sake kiran soja.

Da muka koma taro mako na gaba, na gaya wa malaminmu amsata. Na ce idan rai yana cikin haɗari zan je, domin ba a mayar da rai idan ya fita. Amma ba zan karɓi aikin yau da kullum na wani don a karya masa yajin aiki ba, kuma zan faɗa a fili cewa ban kai shi sani ba. Wasu abokaina ba su yarda da ni ba, har yanzu muna muhawara.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai su shiga ƙungiyar agaji su koyi taimakon gaggawa. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, idan sun ji ma'aikatan lafiya suna kuka a kan haƙƙinsu, su saurare su tun kafin motocin su tsaya.