BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: ƊALIBIN HAUSA DA SHIRIN NEMAN AIKI

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin wannan sashe da bai taɓa shan tambayar nan ba: "To, in ka gama, wane aiki za ka yi da Hausa?" Iyaye suna yin ta, abokanmu na sauran tsangayoyi ma suna yi. Tambayar ta fi nauyi a kan irinmu da ba mu tashi da harshen a gida ba, domin akan ƙara mana da cewa, "Wa zai bar Bahaushe ya ɗauke ka?" Wasunmu kuma ba Hausa suka cike a fom ɗin JAMB ba, nan aka turo su, suna zaman jiran takarda kawai.

Ni da Yarbanci na buɗe baki, Hausa kuwa koyon ta na yi, don haka tambayar ta shafe ni kamar yadda ta shafi kowa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa aiki yana bin abin da mutum ya iya yi da harshe, kuma shekaru huɗun da muke yi a jami'a su ne lokacin koyon sa. Za a duba ƙwarewa iri huɗu, da wuraren da ake neman su, sannan a taɓo batun aikin da zai kwanta wa mutum a rai.

Darasi Daga Abubakar Imam

A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Abubakar Imam yana malamin Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, ya aika da Ruwan Bagaja. Wannan rubutu ne ya sa East ya nemi a ba shi aron sa zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi ya zama editanta na Hausa.

Abin lura a nan shi ne, aikin da Imam ya riga ya yi shi ya yi masa magana. Haka lamarin yake har gobe. Editan jarida ko shugaban sashen labarai na gidan rediyo zai iya karɓar takardunka ya ajiye gefe, ya miƙa maka labari da Ingilishi ya ce ka mayar da shi Hausa cikin rabin sa'a. A wannan rabin sa'ar ake sanin wanda ya shirya.

Ga masu cewa sai ɗan asali ke iya hidima wa harshe kuwa, sai mu tuna cewa East Bature ne, haka ma G. P. Bargery wanda ƙamusunsa na 1934 har yanzu malamanmu suke turo mu gare shi.

Ƙwarewa Ta Farko: Ƙa'idojin Rubutu

Miliyoyin mutane suna jin Hausa, amma masu rubuta ta bisa ƙa'ida ba su da yawa. Duk wanda ya duba allunan talla ko rubutun da ake sa wa a ƙasan finafinai zai ga haka. Wannan giɓi shi ne kasuwarmu ta farko, kuma a nan mai koyo zai iya yin kafaɗa da kafaɗa da ɗan asali, tun da ƙa'idar rubutu a aji ake koyon ta.

Farko akwai haruffa masu ƙugiya. Rashin ƙugiya kan juya ma'ana gaba ɗaya: kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, kasa da ƙasa, bari da ɓari. Wanda ya rubuta "an yi fada a fada" ya bar mai karatu cikin duhu.

Sai kuma raba kalmomi da haɗa su. Ana rubuta "za mu" da "shi ne" da "ba ya" a rabe. Ana rubuta "yana" da "gidansa" da "motarta" a haɗe. "Akan tafi kasuwa" daban yake da "a kan tebur". Shawarata ita ce, kowace rana ɗalibi ya ɗauki sakin layi guda daga shafukan sada zumunta ya gyara shi, ya duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a duk inda ya yi shakka. Wanda ya yi haka zango guda zai ga canji a hannunsa.

Ƙwarewa Ta Biyu: Kunne Da Baki

Littafi ba ya koya wa mutum karin harshe. Mu da muke karatu nesa da Kano da Sakkwato sai mu nemi harshen a inda yake kusa da mu, kuma ba shi da nisa. Akwai Sabo a Ibadan, akwai Agege da kasuwar Mile 12 a Legas, akwai Ama Hausa a Owerri da Bogobiri a Kalaba. Sa'a biyu a rumfar mai albasa ko wurin mai shayi za su koya maka gaisuwa da ciniki da barkwanci da ba za ka same su a lacca ba. Ka yi sallama, ka faɗi cewa kai ɗalibin Hausa ne, ka roƙi a riƙa gyara maka. Hausawa suna murna da baƙon da yake son harshensu.

Mai koyo ya san inda harshensa na gida zai taimake shi da inda zai ja shi baya. Misali, Yarbanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, shi ya sa "ya" da "ta" suke ba Yarabawa wahala, balle a zo ga cewa rana da mota mata ne, wata da gida maza ne. Jam'in suna ma sai an haddace: gida gidaje, jirgi jirage, littafi littattafai. Amma kuma Yarbanci yana da karin sauti uku, don haka kunnen Bayarabe a shirye yake ya kama hawa da saukar muryar Hausa. Abin da zai ƙara mai da hankali a kai shi ne tsawon wasali, domin da shi da karin sauti ake raba gari na mutane da gari na tuwo, ko wuya ta wahala da wuya na jiki.

Wata dabara mai sauƙi ita ce sauraron labaran rediyo kowace safiya, a ɗauki minti biyu a waya, a rubuta abin da aka ji, sannan a karanta da ƙarfi ana kwaikwayon mai gabatarwa.

Ƙwarewa Ta Uku: Fassara

A ganina nan ne babbar riba take. Fassara ita ce ɗaukar ma'ana daga wani harshe a zuba ta cikin wani, ta yadda mai karatu ba zai ji ƙamshin harshen farko ba. Idan Bature ya ce wane ya shuri bokiti, Bahaushe cewa zai yi ya riga mu gidan gaskiya. Idan ya ce sama tana zubar da kyanwoyi da karnuka, mu sai mu ce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai bin kalma da kalma zai ba mutane dariya, in kuwa takardar magani ce ko bayanin kotu, yana iya jawo asarar rai ko ta 'yanci.

Mai fassara yana bukatar abu uku. Na ɗaya, ya ƙware a harsunan biyu, wato kada mu yi sakaci da Ingilishinmu. Na biyu, ya zaɓi fanni guda ya san kalmominsa, ko lafiya, ko noma, ko shari'a, ko harkar banki. Na uku, ya ajiye littafi na musamman yana tara keɓaɓɓun kalmomi da inda ya tsince su. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 da littafin Hausa Metalanguage da ya fito a wannan shekarar za su taimaka.

A nan mai koyo yana da abin da da yawa daga 'yan asali ba su da shi, wato harshe na uku. Wanda yake jin Hausa da Yarbanci da Ingilishi, ko Hausa da Ibo da Ingilishi, shi ake nema idan dillalin shanu da mahauci sun sami saɓani, ko idan likita a Ibadan ya kasa gane ciwon da wata tsohuwa daga Sabo take faɗa masa.

Wasu za su ce ai na'ura ta karɓe wannan aiki. Gaskiya ne Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2013, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna ƙara ƙwarewa. Sai dai tun da ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu, na'ura takan rikice a kan kalma irin "kai", ko ta ba mace wakilin sunan namiji. Ɗanyen aiki zai ragu, amma ana bukatar mai bin sawun na'ura yana gyarawa, kuma sai wanda ya fi ta sanin harshen ne zai iya.

Ƙwarewa Ta Huɗu: Kwamfuta

Bai kamata ɗalibin aji huɗu ya kai wa mai shago aikinsa na kammala digiri ya buga masa ba, ya dawo da shi babu ƙugiya ko ɗaya. Windows yana da allon rubutun Hausa, Gboard ma yana da shi a waya. A koyi buga rubutu da sauri, da tace murya, da sa rubutu a ƙasan bidiyo, da aika wasiƙar imel mai tsabta. Wikipedia ta Hausa fili ce da kowa zai iya gwada hannunsa kyauta, kuma abin da ka rubuta yana nan ana gani.

Ina Ayyukan Suke?

Kafofin yaɗa labarai su ne kowa ya fi sani. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na DW a 1963, na RFI a 2007. A gida akwai Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003, da jaridar Aminiya tun 2006, da tashar Arewa24 tun 2014, ban da gidajen rediyon jihohi masu shirye-shiryen Hausa har a Kudu.

Koyarwa ma hanya ce mai daraja. Wanda ba digirin ilimi ya yi ba zai iya yin difloma ta PGDE, ya yi rajista da hukumar TRCN. A fannin shari'a, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi 'yancin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Ƙungiyoyin agaji ma suna bukatar masu fassara, kamar yadda Translators without Borders ta fara aiki da Hausa da Barbarci a Arewa maso Gabas a 2017. Sai kamfanonin sadarwa da bankuna masu layin amsa kiran abokan ciniki da Hausa, da kamfanonin talla na Legas masu son saƙonsu ya kai Arewa.

Sai dai kada mu ɗora buri a kan ofis guda. Sashen Hausa na Muryar Amurka da ya fara a 1979 ya yi shiru a watan Maris na 2025, bayan umarnin da gwamnatin ƙasar ta bayar. Ma'aikata takan rufe, abin da mutum ya iya kuwa da shi yake tafiya duk inda za shi.

Aikin Da Zai Kwanta A Rai

Ba kowane aiki ne ya dace da kowa ba. Wani yana son jama'a da magana, rediyo ko aji ne wurinsa. Wani yana son zama shi kaɗai yana auna kalmomi, fassara ko gyaran littafi ne nasa. Hanyar ganewa ita ce gwaji. A yi amfani da dogon hutu a nemi wata ma'aikata a yi aikin sa kai na 'yan makonni. Wanda aka tura Arewa bautar ƙasa ya ɗauke ta a matsayin aji na biyar.

Kafin ka karɓi aiki ka yi wa kanka tambaya uku. Zai ciyar da ni? Zan ƙaru da sani a cikinsa? Zan iya faɗin sa a gaban iyayena ba tare da sunkuyar da kai ba? Da wuya aikin farko ya cika ukun, amma in ya cika biyu a riƙe shi ana neman na gaba, domin da rarrafe yaro kan tashi. Mai aikin fassara na kansa ya yi ciniki tun kafin ya fara, ko a kan kalma ko a kan shafi, kuma a rubuce. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sama maka gurbin aiki, ka yi nesa da shi.

Kammalawa

Ga tsarin da nake ba 'yan'uwana ɗalibai shawara a kai. A aji ɗaya a gyara rubutu da furuci. A aji biyu a fara fassara shafi guda kowane mako, a kai wa malami ko wani na gaba ya duba. A aji uku a zaɓi fanni, a yi aikin sa kai lokacin hutu. A aji huɗu a tace ayyuka goma mafi kyau, a haɗa su wuri guda tare da takardar CV. Wannan mujalla da ke hannunka ita ce wurin farawa, domin duk abin da ta buga maka ya zama shaida. Wanda ya riga ya kai aji uku ko huɗu bai fara ba, kada ya karaya, ya fara da shafi guda a wannan makon. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, tamu tafiyar kuwa ta kusa. Allah ya ba mu sa'a.