Hoton Asibiti Ya Kuskure: Ina Za A Kai Kuka?

 Wasiƙun yau a filin amsa tambayoyin masu sauraro duk a kan hoton asibiti suka faɗa.

Ta farko daga Bungudu take. Wani bawan Allah ya ce mahaifinsa ya faɗi daga babur, aka yi masa hoton ƙashi a wani asibiti, aka ce targaɗe ne. Da tsohon ya kasa taka ƙafa aka kawo shi Gusau, sabon hoto ya nuna karaya a ƙugu. Yana tambaya ko yana da damar kai ƙara.

To Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Dama kana da ita, sai dai a gaban alƙali kuskure daban, sakaci daban. Akwai tsagewar ƙashi da ba ta fitowa a hoton ranar farko, komai ƙwarewar mai dubawa. Abin da kotu za ta tambaya shi ne: da an miƙa wannan hoton ga wani likita mai irin iliminsa, zai ga karayar? Idan zai gani, sai kuma ka nuna cewa jinkirin ne ya ƙara wa Baba lahani. Wannan ba ya tabbata da bakinka, sai wani likitan hoto ya zo ya ba da shaida. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Ojo da Gharoro: an yi wa wata mata tiyata a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, hoto ya nuna guntun allura a cikinta, amma ta faɗi shari'ar domin ba ta tabbatar da cewa sakaci ne ya karya allurar ba.

Don haka tun yau ka adana hoton farko da takardar sakamakonsa, da rasit, da katin asibiti. Idan likita kake ƙorafi a kansa, ana kai takardar rantsuwa ga Majalisar Likitoci ta Najeriya, MDCN. Kotun ladabtarwarta tana iya jan kunne, ko dakatarwa, ko soke lasisi, amma ba ta ba da diyya; diyya sai Babbar Kotu. Idan kuwa mai ɗaukar hoton ne ya ɓata aikin, shi ma yana da tasa hukumar rajista da aka kafa a 1987. Kada kuma ka yi sanya: asibitin gwamnati kan fake da dokar kare ma'aikatan hukuma, wadda wata uku kacal ta ba mai ƙara. Ka ga lauya da wuri.

Sai wata baiwar Allah daga Tsafe, ta ce a sakaya sunanta. An yi mata sikanin a wani shago aka ce namiji ne, ta haɗa kayan jariri, sai ga mace. Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya! Kotu ba za ta ga cutarwa a nan ba, tufafin ma jaririya ba ta ƙi su ba. Abin tsoron shi ne a ce miki komai lafiya alhali mabiyiya ta tare hanyar haihuwa, ko cikin a wajen mahaifa yake. Shi ya sa kafin ki hau gadon sikanin, ki tambayi mai na'urar takardar shaidarsa. Malamanmu na fiƙihu ma sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba da sani ba.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya daga Tudun Wada a Gusau, batun asibitin da ya hana ka hotonka shi za mu fara da shi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.