Taswirar Dausayi da Mazaunin Tsuntsaye a Shirin Yaƙi da Sauro: Nazari a Kan Fadamar Haɗeja-Nguru

Tsakure

Maƙalar ta dubi matsayin taswira a shirin kashe tsutsar sauro a wuraren da ruwa ke kwanciya, musamman inda waɗannan wurare suke mazaunin tsuntsaye da kifi. An ɗauki fadamar Haɗeja-Nguru a matsayin fagen nazari, an kuma waiwayi abin da ya faru a Amurka da Faransa. An nuna cewa ba kowane ruwa ne ke ƙyanƙyashe sauron zazzaɓi ba, kuma sunayen da Bahaushe ya raba ruwa da su na iya zama ginshiƙin rarrabewar da taswirar take buƙata.

1.0 Gabatarwa

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suka sha nunawa. Gidan sauro mai magani da feshin ɗaki su ne manyan makaman da aka daɗe ana dogaro da su, amma tun da sauro ya fara jure wa magungunan, hankali ya sake komawa ga tsohuwar dabara ta bin sa har makwancinsa, a kashe shi yana tsutsa. A littafin jagora da hukumar ta fitar a 2013 ta gindaya sharaɗi: wannan dabara tana da amfani ne inda makwantan suke kaɗan, tsayayyu a wuri guda, kuma masu sauƙin ganowa. Sharaɗin nan shi ne ya sa taswira ta zama wajibi, domin wanda bai san inda makwanci yake ba, bai san yawansa ba, ba shi da abin da zai auna sharaɗin da shi.

2.0 Fagen Nazari

Fadamar Haɗeja-Nguru tana shimfiɗe ne a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa tsakanin tsofaffin tuddan yashi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, daga baya kuma, a 2008, aka ƙara da Baturiya da Dagona. Dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela suna nan, ga kuma baƙin tsuntsaye da ke tsallako Sahara daga Turai idan sanyin can ya shigo. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi duk a wannan ruwa suke cin abinci. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, kachala kuma ta mamaye hanyoyin ruwa da dama ta toshe su. Wuri ne da ya riga ya sha wuya, bai kamata a ƙara masa wata da sunan magani ba.

3.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, an ɗauki dubban marasa aiki suka haƙa magudanai a jere cikin fadamun gishiri na gaɓar gabas domin tsane ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Kafin ƙarshen shekarun an tsattsaga kusan kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan fadamu daga jihar Maine zuwa Virginia. Ba a tsaya tantance ɓangaren da ke fitar da sauro da wanda ba ya fitarwa ba. Ƙananan tafkunan da kifi da tsuntsayen ruwa ke dogaro da su suka ƙafe, alhali kifin nan shi ne ke cinye tsutsar. Sai a shekarun 1960 aka fara gyara a jihar New Jersey, inda ake fara binciko ainihin guraben da ke da tsutsa, sannan a haɗa su da ruwa mai kifi, a bar sauran fadamar yadda take.

Darasi na biyu ya fi wannan ɗaure kai, domin maganin da aka yi amfani da shi ana ɗaukarsa marar illa. Bti ƙwayar bakteriya ce da aka gano a 1976, wadda ke kashe tsutsar sauro idan ta haɗiye ta, ba ta kuma cutar da mutum ko kifi ko tsuntsu kai tsaye. A 2006 aka fara fesa ta a Kamarg, dausayin da ke bakin kogin Rhône a kudancin Faransa. Binciken da Brigitte Poulin da abokan aikinta na cibiyar Tour du Valat suka wallafa a 2010 ya nuna cewa wani nau'in tsattsewa da ke sheƙa kusa da inda ake feshin yana tashin 'ya'ya ƙasa da na wuraren da ba a fesa ba. Dalili kuwa shi ne Bti tana rage wasu ƙananan ƙudajen ruwa marasa cizo, dangin sauro, waɗanda su ne abincin tsuntsayen da na ƙwarin da tsuntsayen ke ci. Guba ba ta taɓa tsuntsun ba, yunwa ce ta taɓa shi.

Sai dai a lura da bambanci. Sauron Kamarg damun masu yawon buɗe ido da mazauna yake yi, na Nguru kuwa yara yake kashewa. Ba za a ce wa uwar da ke jinyar ɗanta ta yi haƙuri saboda tsattsewa ba. Abin da ake nema daga taswira shi ne ta nuna ko zaɓin nan mai ɗaci ya zama dole, kuma a mafi yawan gurabe bai zama ba.

4.0 Sunayen Ruwa a Matsayin Ma'aunin Rarrabewa

Sauron da ya fi yaɗa zazzaɓi a ƙasar Hausa, wato dangin Anopheles gambiae, ya fi son ƙaramin ruwa marar zurfi, wanda rana ke duka, marar kifi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwai ya zama sauro. Anopheles funestus shi ne ke son ruwa mai daɗewa da ciyayi a gefensa. Kuleks, mai kukan nan da ke hana barci a birane, a kwata da ruwan ƙazanta yake, kuma ba ya ɗauke da ƙwayar zazzaɓin.

Abin sha'awa ga manazarcin Hausa shi ne harshen ya riga ya yi wannan rabe-rabe, ko da yake ba don sauro ya yi ba. Kududdufi rami ne da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsa, yana bakin gari ko tsakiyarsa, damina ta cika shi. Tafki ya fi shi girma da daɗewa, sau da yawa da kifi a ciki. Fadama ƙasa ce mai kwari da ambaliya ke rufewa ta janye. Dausayi wuri ne mai danshi da ciyawa ko da rani. Gulbi da ƙorama ruwa ne mai tafiya, wanda tsutsa ba ta iya zama a tsakiyarsa sai a kwarmin da ya bari idan ya ja baya. Idan aka ɗora waɗannan sunaye a kan halayyar sauro, za a ga kududdufi da ramin masu bulo da rijiyar lambu da sawun shanu a bakin mashaya da gonar shinkafa a makonnin farko bayan dashe su ne suka fi cancantar a sa musu ido. Tsakiyar tafki, inda dinya da kirinjijiya suke, ba ta cikin sahun gaba. Mafi yawan makwantan da ke da haɗari hannun mutum ne ko kofaton dabbarsa ya samar da su, kuma suna kusa da gida, ba cikin zurfin fadama ba.

Wannan yanki ba na Hausawa kaɗai ba ne. Badawa da Barebari da Fulani suna da nasu sunayen, kuma taswirar da ta tsaya ga Hausa kawai za ta rasa guraben da masuntan Bade kaɗai suka raɗa wa suna.

5.0 Yadda Za a Haɗa Taswirar

Hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, yana sake ɗaukar wuri kusan duk kwana biyar, kowane ɗigo nasa kuma mita 10 ne. Ya isa ya nuna iyakar ambaliya da faɗin kachala da gonakin shinkafa, amma ƙaramin kududdufi kan kuɓuce masa, sawun saniya kuwa ba a ma maganarsa, ga gizagizan damina da ke rufe ƙasa a daidai lokacin da ake buƙatar hoton. Saboda haka dole a taka da ƙafa. Birnin Darussalam na Tanzaniya ya gwada haka, inda mutanen unguwa suka zana taswirar gurabensu gida-gida kafin a fara zuba Bti a 2006. A Haɗeja-Nguru, mai unguwa da bulama da sarkin ruwa su ne suka san tafkin da ke ƙafewa kafin hunturu da wanda ke kaiwa bazara, da inda kifi ke zuba ƙwai, da itatuwan da zalɓe ke sheƙa a kansu.

A kan wannan sai a ɗora shafi uku: na guraben da aka kamfaci ruwa aka ga tsutsar Anopheles da ido, na mazaunin tsuntsaye da kifi, da na tazarar kowane gurbi daga gidajen mutane. Inda tsutsa take kusa da gari kuma babu halitta mai rauni, a cike ramin ko a zuba magani. Inda shafukan suka hau kan juna, kamar gefen tafki mai ciyayi da ke dab da ƙauye, a taƙaita da Bti a zuba da hannu, a guji magani irin temefos, wanda aka sani da sunan Abate a yaƙin kurkunu, domin ya fi yi wa ƙwarin ruwa ɓarna. Cikin Dagona da Baturiya kuwa a ƙarfafa gidan sauro da maganin rigakafin yara na damina a ƙauyukan kewaye.

Taswirar tana buƙatar kwanan wata. Gurbin da yake busasshe a Yuni yana iya zama gonar shinkafa a Agusta, ya koma kwarmin ruwa cike da tsutsa a Oktoba, lokacin da ambaliya ke janyewa kuma baƙin tsuntsaye ke fara sauka. A waɗannan makonni ne buƙatar lafiya da ta tsuntsaye suka fi cin karo, don haka zagayen kamfatar ruwa a gefen fadama ya kamata ya zama na mako-mako daga Satumba zuwa Nuwamba.