Darasi na 14: Murzuna

A watan Agusta hatsi yana fid da kai a gonakin Maradi. Ali ya bi babansa gona. Ya ga wata zangarniya da zane a jikinta, kamar an naɗe ta da zare. Ya murza ta. Babu tsaba, sai dusa.

— Baba, mi ya ci hatsinmu?

— Murzuna ce, Ali. Duba da kyau, tana ciki.

Ali ya duba, sai ga ƴar tsutsa ta lafe.

Uwar murzuna wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Tana bayyana wajen wata guda bayan ruwan shuka. Tana zuba ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Bayan ƴan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana cin furen hatsi, tana yanke shi daga gindi, tana kewaya zangarniya. Duk inda ta bi, tsaba ba ta fitowa. In ta ƙoshi sai ta sauka, ta shige ƙasa. Can take kwana duk rani, har damina ta dawo.

Ɓarnarta ta tsananta tun bayan farin 1972 zuwa 1974. A mugunyar shekara takan cinye fiye da rabin amfanin gona. Feshi ba ya kama ta sosai, don tana ɓoye. Ga shi kuma da tsada.

Amma murzuna tana da maƙiyi: wani ɗan zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen tana harbin tsutsa, ta sandare. Sai ta zuba ƙwai a jikinta, ƴaƴanta su cinye ta. A 2006 ma'aikatan INRAN na Maradi suka fara kai wa manoma wannan zanzaro cikin ƴan buhunan algarara. Ana rataya buhun kusa da gona lokacin da hatsi yake fid da kai.

— Baba, mu ma mu rataya?

— Baɗi, in Allah ya kai mu. Amma ban da feshi, kada mu kashe zanzaron.

Kalmomi
tsutsa : la chenille
zangarniya : l'épi
zanzaro : la guêpe

Tambayoyi
1. Ina murzuna take kwana da rani?
2. Don mi baban Ali ya ce ban da feshi?
3. Ku zana zangarniyar da murzuna ta ci.