Karaya

A Gazawa, lokacin mangwaro, yara sukan faɗo daga bisa icce. Wani sa'i ƙashin hannu ya karye. Wannan ita ce karaya.

Iyaye da yawa sukan kai yaro wurin maɗori. Amma in ɗori ya matse ƙwarai, jini ba ya wucewa. Yatsu su kumbura, su yi sanyi, su yi baƙi. Hannu yana iya ruɓewa har a yanke shi.

A asibitin Maraɗi ana ɗaukar hoton ƙashi, a gyara shi, a sa filasta. Ƙashin yaro yakan haɗe cikin sati 4 zuwa 6.

Yara, in kun ga yatsun ƙanenku sun sake kama, ku gaya ma manya. A sassauta ɗori, a tafi likita ran nan.

Tambayoyi
1. Mi ke sa hannu ya ruɓe?
2. Sati nawa ƙashin yaro ke yi ya haɗe?