Yadda ake kama ƙugin da ke cikin sifika

Wanda ya haɗa kayan sauti a falonsa a Kubwa ko Gwarinpa, ya kunna ya ji wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar na zuma a kogon bishiya, sifika yake fara zargi. Galibi kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wutar da AEDC ke kawo mana tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma muryar wannan kai-komon ce ta sami ƙofa ta shiga hanyar sauti. Ƙofar za ka nema, don haka kada ka sayi komai tukuna.

Zare duk wayoyin da ke bayan amfilifaya, ka bar na sifiku da na wuta kawai, sannan ka kunna. In ƙugin yana nan, ka rage murya bai ragu ba, to ciwon a cikin akwatin amfilifaya yake, yawanci kafasitocin da ke tace wuta ne suka bushe. Kai wa mai gyara. Kada ka buɗe da kanka, domin kafasito yana riƙe wuta ko bayan an cire filogi.

In kuwa ya yi tsit, sai ka mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wadda gurnani ya dawo da ita, ita ce ɓarauniyar. A gidajen Abuja dikoda nake fara tuhuma, ta DStv ce ko ta StarTimes. Kwance wayar da ta sauko daga dish ka ji. Dalili shi ne dish yana haɗe da ƙasa ta jikin gini, amfilifaya kuma ta soket, ƙarfin wuta a wuraren biyu bai zo daidai ba, sai 'yar ragowar ta bi wayar sauti tana zagaye.

Maganin farko kyauta ne: tara talabijin da dikoda da amfilifaya a kan soket ɗaya. In bai ji ba, haɗa sautin da wayar oftikal, wadda haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta. Akwai kuma ɗan abin da ke raba haɗin ƙasa na na'urori biyu, a tambaya a shagunan lantarki irin na Banex Plaza a Wuse 2. A kan wayar sauti mai jan kai da farin kai ake sa shi. In ka ɗaura shi a wayar dish hoto zai iya ɗaukewa, saboda ta nan dikoda ke aika wuta zuwa kan dish.

Lura kuma da lokacin da yake zuwa. Idan sai an ɗauke wuta an koma inbata, to inbatar ce mai araha da wutarta ba ta fita sumul. Sitabilaiza a nesanta ta da amfilifaya, a raba wayoyin sauti da na wuta, a goge ƙurar hunturu daga bakin jak.

Wani zai ce maka ka karya dogon haƙorin filogi, na ukun nan, ƙugi zai mutu. Zai iya mutuwa, amma haƙorin nan ne ke kwashe wuta zuwa ƙasa ranar da ta zubo a jikin ƙarfen na'ura, kuma yara na taɓa ƙarfen. Gara ka kira mai wayarin ya auna ko soket ɗin falon ma yana haɗe da sandar ƙarfen da ake binnewa a bayan gida don kai wuta ƙasa.