Motocin 'Yan Sanda Masu Ƙarancin Hayaƙi

Malama Hadiza daga Maraɗi ta aiko da tambaya, tana cewa: na ji 'yan sandan Landan suna sayen motoci masu ƙarancin hayaƙi, shin irin wannan mota za ta iya bin ɓarawo?

To Malama Hadiza, mun gode. Gaskiya ne. A shekarar 2018 rundunar 'yan sandan Landan ta karɓi motocin Toyota Mirai masu aiki da iskar haidurojin, waɗanda ruwa kawai ke ɗiga daga salansarsu. A 2019 kuma birnin ya tsaurara cajin kuɗi ga tsofaffin motoci masu yawan hayaƙi da ke shiga tsakiyarsa. Ai bai dace hukuma ta hana jama'a abin da motocinta ke yi ba.

Batun gudu kuwa, Mirai ma da lantarki take tafiya, kuma motar lantarki tana fizga da sauri tun daga tashi, don haka ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar masu aiki da batir ita ce caji. Motar sintiri ba ta hutawa, wannan ya sauka wancan ya hau, ga jiniya, ga fitilu, ga rediyon sadarwa, duk suna shan batir. Caji kuma yana cin lokaci fiye da zuba fetur. Shi ya sa ake fara ba jami'an bincike da masu zirga-zirgar ofis irin waɗannan motoci.

A ganina, Malama Hadiza, rundunar da za ta saye su ta fara gina wurin caji a caji ofis kafin ta biya kuɗin mota.